RENON FUREN OKID MAI HUTUN RANI A GIDA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin masu sha'awar shuka furanni a gidajensu, musamman mazauna garuruwan Arewa inda ruwa yakan yi wuya da rani. Bayani ne a kan wani dangin tsiro da ake kira okid, da yadda mutum zai rene shi a tukunya ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba. An ɗauki unguwar G.R.A. ta birnin Bauchi don misali, saboda yanayin wurin ya dace da wannan tsiro ƙwarai, kuma a irin gidajen da ke can ne aka fi yin kuskuren da yake kashe shi. Duk da haka, abin da aka faɗa a nan zai amfani mutumin Zariya da na Kaduna da na Gombe da na Yola, da duk inda damina da rani suka rabu sarai.

Mutane da yawa suna zaton okid furen Turawa ne, ba ya rayuwa sai a ɗakin gilashi. Ba haka abin yake ba. Akwai shi a dazuzzukan Nijeriya, manoma da makiyaya suna wuce shi kowace shekara. Wasu daga cikin ire-irensa sun saba da rani na wata shida ko bakwai, sun kuwa san dabarar ƙetare shi. Abin da ba su iya jurewa shi ne ruwa a lokacin da ba su nema ba.

Mene ne okid?

Okid dangi ne babba, masana sun ƙidaya iri wajen 28,000 a duniya. Wasu a ƙasa suke tsirowa kamar kowace ciyawa, wasu kuwa a kan reshen itace suke zaune. Waɗannan na kan itace ba kamar kauci suke ba. Kauci tsotson itacen yake yi, okid kuwa wurin zama kaɗai ya ara, abincinsa daga ruwan sama da ruɓaɓɓen ganye yake samu. Banila da ake sa wa kek da askirim don ƙanshi, daga 'ya'yan wani okid ne ake samunta, wanda asalinsa ƙasar Meziko.

Ana gane okid ta furensa. Kowane fure falle shida gare shi, uku a waje, uku a ciki. Ɗaya daga cikin na ciki yakan bambanta da sauran, ya fi su faɗi ko launi, ya zazzago kamar leɓe, a kansa ne ƙudan zuma yake sauka. Saiwarsa kuma kauri gare ta, fara ce, mai laushi kamar soso, ba ta da gashi-gashi irin na saiwar gero. Waɗannan alamu biyu su ne suka raba shi da albasar kwaɗi da sauran tsirrai masu kai a ƙasa da suke yin fure farkon damina, waɗanda wasu kan ɗauka okid ne.

Ire-iren da wannan ɗan littafi ya shafa duk suna da wani kumburarren kara ko kai inda suke ajiye ruwa da abinci. A wasu yana bisa ƙasa, siffarsa kamar albasa mai tsayi. A wasu yana binne kamar dankali. Don sauƙin bayani, za a riƙa kiran wannan ma'aji rumbu, gama aikin rumbu yake yi wa tsiron.

Na ƙasar nan

Ƙasar tuddai ta Jos, wadda a tsofaffin littattafai Turawa suke kira Tudun Bauchi, tana cikin wuraren da suka fi yawan okid na ƙasa a Arewa, kuma ana samunsa a duwatsu da fadamu da bakin kurmi na yankunan da ke kewaye da ita. A 1983 L. B. Segerback ya wallafa littafi sukutum a kan okid na Nijeriya. Ga mai reno a gida, iri huɗu sun isa a sani.

Na farko shi ne wanda masana suke kira Eulophia guineensis. An fara bayyana shi a rubuce a 1823, daga tsiron da aka kai Ingila daga Saliyo, amma yana yaɗe a Afirka har zuwa kudancin ƙasar Larabawa. Yana son inuwar duwatsu da gindin itatuwa inda ganye yake taruwa ya ruɓe. Rumbunsa a sarari yake, ganyensa faffaɗa ne mai nanniƙe. Sandar furensa takan kai tsawon kamu ɗaya ko fi, furannin suna jere a kanta, kowanne da leɓe mai faɗi, fari-fari da ja-ja, da zane-zanen shunayya. Shi ne ya fi sauƙin reno a tukunya, kuma da shi ya kamata sabon shiga ya fara.

Na biyu Eulophia cristata. Wannan shi ne wanda matafiyi yakan hanga da bazara a fakon da aka ƙone, sanda ce doguwa tsirara ba ganye ko ɗaya, ta ɗauko furanni ruwan shunayya mai haske. Ganyen sai daga baya yake fitowa, in ruwa ya sauka. Na uku ɗan'uwansa ne, Eulophia cucullata, furanninsa ba su kai na wancan yawa ba amma sun fi su girma, da fari da rawaya a maƙogwaro. Su biyun nan rumbunansu a binne suke, jere kamar carbi. Kyau kam suna da shi, sai dai ba su cika yarda da tukunya ba. Sau da yawa wanda ya haƙo su yakan ga fure shekara ɗaya, ta biyu ganye kaɗai, ta uku babu kome. Gara a bar su inda Allah ya shuka su, a je a gan su can.

Na huɗu a kan itace yake zama, watau Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Sunan wani mai lambu ne aka sa masa, John Ansell, wanda ya same shi a tsibirin Fernando Po lokacin da ya biyo ayarin jiragen da Ingila ta aiko kogin Kwara a 1841. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa har ya tara sunayen tsirrai na Hausa a littafi a 1916, ya rubuta cewa ana kiransa manta-uwa, ko da yake akwai wasu tsirrai dabam da su ma ake kira da wannan suna. Shi ba ya zubar da ganyensa duka, amma yana buƙatar a rage masa ruwa sosai da rani, kuma a lokacin ne yake fure.

Dalilin zubar da ganye

Birnin Bauchi yana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, watau kimanin inci 40. Kusan dukansa tsakanin Mayu da Satumba yake sauka, Agusta ya fi kowane wata. Daga Nuwamba zuwa Maris da wuya a ga ɗigo. Iskar hunturu takan bushe har leɓen mutum ya tsage, sa'an nan zafin Maris da Afrilu ya biyo baya, wani lokaci ya kusa digiri 40.

Ganye yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwan jikin tsiro yake fita. Faffaɗan ganye mara kauri a cikin iskar hunturu tamkar jiƙaƙƙen zane ne da aka shanya. Da okid zai riƙe ganyensa, da cikin 'yan makonni rumbunsa ya ƙare. Saboda haka da kaka ta yi, sai ya janye abincin da ke cikin ganyen ya mayar rumbu, ganyen ya yi rawaya ya faɗi, saiwoyin su daina sha, tsiron ya kwanta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin Arewa. Kuka takan tsaya tsirara rani duka, ba wanda yake cewa ta mutu. Gaiwa takan shige laka in tafki ya ƙafe, ta zauna shiru har ruwa ya komo. Manomin doya kuma ya sani irin da ya ajiye a inuwa da kansa zai yi toho in lokaci ya yi, amma in ya bari ruwa ya taɓa shi a ma'aji, ruɓewa zai yi.

Haka yake ga okid. Saiwar da take barci ba ta shan ruwa. In an zuba, ruwan zai zauna a tukunya, fumfuna da ƙwayoyin cuta su sami hanya, su ci saiwar su hau rumbu ta gindi. Mugun abin shi ne saman rumbun yakan zauna kore shar, mai shi bai san ana ɓarna ba sai ran da ya taɓa ya ji ya lotse, wari ya tashi. Har wa yau, hutun nan shi ne yake shirya tsiron ya yi fure. Wanda aka hana hutu, ko ya tsira da ransa, ganye kaɗai zai riƙa yi.

Abin da yakan faru a G.R.A.

Gidajen G.R.A., tsohuwa da sabuwa, suna da abin da okid yake so. Akwai fili, akwai inuwar manyan itatuwa irin su dogon yaro da maɗaci da mangwaro, akwai baranda, iska kuma tana ratsawa. Galibinsu suna da katanga ko shinge da zai hana awaki shiga. Amma galibinsu kuma suna da mai ban-ruwa, wanda aikinsa ne ya ja tiyo safe da yamma ya jiƙa duk abin da yake cikin tukunya ko kwami.

Ga yadda abin yakan kasance. Maigida ko uwargida ta samo okid da damina, ya yi ganye gwanin sha'awa. Oktoba na kamawa sai ganyen ya soma rawaya. Sai a ce ƙishi yake ji, a ce wa mai ban-ruwa ya ƙara. Ganyen ya ci gaba da faɗuwa, sai a ce abinci ne ya gaza, a barbaɗa takin zamani. Kafin Janairu rumbun ya zama ruwa. Wani gidan kuma, ganin tukunya ba ganye, sai mai shara ya juye ta a juji ya shuka wani abu, alhali kuwa tsiron lafiyarsa lau. Garin neman gira an rasa ido ke nan, kuma ba laifin mai ban-ruwa ba ne, abin da aka sa shi ya yi.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A shafa wa tukwanen okid jan fenti a baki don a bambanta su da sauran. Da ganye ya gama zuba a kwashe su gaba ɗaya a kai wani wuri dabam inda tiyo ba ya kaiwa. Sa'an nan mai gidan ya kira duk wanda yake taɓa lambun, har yara, ya nuna musu, ya gaya musu dalili. Mutum in ya san dalilin abu ya fi kiyaye shi. A unguwar da famfo yakan ɗauke da rani har a koma sayen ruwa, furen da ba ya neman ko moɗa ɗaya na kusan rabin shekara ba abin rainawa ba ne.

Tukunya da abin da za a zuba

Tukunyar ƙasa irin ta gargajiya ta fi ta roba, domin tana numfashi, tana sanyaya saiwa, kuma ba ta riƙe ruwa. A nemi mai faɗin baki wadda ba ta da zurfi ainun, a huda gindinta wuri uku ko huɗu. Kada a ba ƙaramin tsiro babbar tukunya, gama ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita ce take daɗewa a jiƙe. A fara shimfiɗa tsingaro da manyan gawayi a ƙasa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin tukunyar.

Ga okid na ƙasa, a haɗa kashi biyu na ruɓaɓɓen ganye irin na gindin itace, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya gawayi da aka farfasa kamar girman gyaɗa. Ana iya ƙara ɗan busasshen kashin shanu wanda ya shekara. Kada a sa laka, kada a sa ɗanyen taki, kada kuma a sa kashin kaji. Ga na kan itace ba a sa ƙasa ko kaɗan, gawayi da tsingaro da ɓawon kwakwa sun isa, sai dai a jiƙa ɓawon kwana biyu ko uku ana sauya ruwa don gishirinsa ya fita. In an gama a gwada: a zuba ruwa, in bai fito ta ƙasa ba kafin a ƙirga goma, haɗin ya yi nauyi, a ƙara yashi da gawayi.

A dasa rumbun a zaune bisa haɗin, gindinsa kaɗai ya nutse. A ɗora tukunyar a kan tubali ko dutse ko tebur saboda gara da tana. Wurin da ya fi shi ne inda hantsi zai taɓa shi zuwa ƙarfe goma, daga nan inuwa ta rufe. Baranda mai duban gabas ta dace, haka kuma gefen inuwar dogon yaro, ko rumfar zana mai 'yan ƙofofi. Tsakiyar inuwar mangwaro ta cika duhu. Ganyen ne zai faɗi gaskiya: in ya yi kore baƙi-baƙi yana langaɓewa, haske ya gaza, in kuwa ya koɗe da tabon ƙuna, rana ta yi yawa.

Aikin shekara

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, okid mayunwaci ne. Cikin waɗannan watanni zai yi ganye ya gina sabon rumbu, kuma girman wannan rumbu shi ne zai nuna yawan furen baɗi. A ba shi ruwa duk sa'ad da saman tukunyar ya bushe, da safe, a zuba har ya fita ta ƙasa. Ruwan sama da aka tara ya fi na rijiya ko na burtsatse, wanda wani lokaci yakan bar farin gishiri a bakin tukunya. Kowane mako biyu a narka rabin ƙaramin cokali na takin zamani a galan ɗaya na ruwa a zuba, bayan an fara jiƙa tukunyar da ruwa zalla. Kada a barbaɗa ƙwayar takin a kan saiwa, ƙone ta zai yi. In marka ta zauna cikin Agusta ana ruwa kwana da kwanaki, a jawo tukunyar ƙarƙashin rufi.

Ƙarshen Satumba a daina taki. Cikin Oktoba a riƙa nisanta ban-ruwa, daga kwana uku zuwa mako, daga mako zuwa kwana goma. Kada a yanke ganye don ya yi rawaya, tsiron yana kan kwashe abincinsa ne, a bari ya bushe ya saki da kansa. Da ganyen ƙarshe ya faɗi, ko kuwa Nuwamba ta yi tsakiya, a tsai da ruwa ɗungum.

Daga nan sai ajiya. A sa tukwanen a inuwa mai iska, ba a rufaffen sito mai kwanon rufi ba, inda zafin bazara zai dafa su. Sau ɗaya a wata a latsa rumbu da yatsa. In yana da tauri, lafiya. 'Yar tamoji ba kome ba ce, alama ce yana cin ajiyarsa. Amma ranin Bauchi ya fi na wasu wurare tsanani, kuma tsiron da ke tukunya ba shi da raɓar da na gindin dutse yake samu. Don haka in an ga rumbu ya yanƙwane ƙwarai kamar busasshiyar kuɓewa, a zuba rabin kofin shayi na ruwa a gefen tukunyar da safe, ba a kan rumbun ba, kada kuma a sake sai bayan mako uku ko huɗu.

Bazara ita ce lokacin da ya fi wuya, kuma a nan ne har waɗanda suka daɗe suna reno suke yin asara. Cikin Maris ko Afrilu za a ga toho kore ya ɓullo daga gindin rumbu. Mutumin da ya yi wata biyar yana kallon tukunya kamar babu kome a ciki, hannunsa zai yi ƙaiƙayin ɗauko buta. Lalle ne ya daure. Tohon nan ba shi da saiwa tukuna, daga tsohon rumbu yake sha, kuma bakinsa kamar mazurari yake, in ruwa ya shiga ya kwana a ciki ruɓewa zai yi. Abin da za a duba shi ne saiwa, ba toho ba. A jira sai sababbin saiwoyi farare masu koren baki sun fito sun kai tsawon yatsa, kamar inci uku. Sa'an nan a fara da ruwa kaɗan a gefen tukunya, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, har cikin mako uku a kai ga cikakken ban-ruwa. Ruwan farko na Afrilu ko farkon Mayu, wanda manomi ya san yakan sauka sa'an nan ya ɗauke, kada a bari ya sami tukunyar da saiwarta ba ta isa ba.

A daidai wannan lokaci ne Eulophia guineensis yake fid da sandar fure. A kafa mata siririn kara a ɗaure da zare sako-sako saboda iskar hadari. Furannin suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama, sukan yi 'yan makonni. Ana iya shigo da tukunyar falo kusa da taga don baƙi su gani, amma a mayar da ita waje da zarar fure ya ƙare.

Ƙwari ba su da yawa. Da damina dodon koɗi da fara sukan ci toho, a tsince su da hannu da dare ko da asuba. Wani farin ƙwaro mai kama da auduga yakan ɓuya a gindin ganye, a goge shi da tsumma da ruwan sabulu. Da rani ɓera da gafiya sukan gwagwiyi rumbu don ruwan da ke ciki, a kifa wa tukunyar ragar waya. Kada a bar yara su tauna rumbun ko furen.

Na ƙasashen waje

Akwai okid na wasu ƙasashe masu zafi da suke da irin wannan hali. Catasetum, na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, ya fi kowanne tsananin son hutu. Furensa namiji dabam, tamace dabam, kuma in ƙudan zuma ya taɓa namijin sai ya harbo masa ƙullin garin fure ya manne a bayansa. Charles Darwin ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa na 1862. Calanthe vestita, na ƙasashen Bama da Tailan, bayan ganye ya zube yake fure, saboda haka ana ci gaba da ba shi ɗan ruwa har furen ya ƙare. Dendrobium nobile, na gindin duwatsun Himalaya, sai dare ya yi sanyi yake ɗaukar fure. Daren Disamba da Janairu a Bauchi yakan sauko ƙasa da digiri 15, wannan yana taimakonsa, amma zafin bazara yana wahal da shi, ya fi jin daɗin Jos. Tsiron da ya zo daga wata ƙasa yakan yi shekara ɗaya ko biyu kafin ya daidaita da lokutan nan, saboda haka a bi abin da ganyensa da saiwarsa suka nuna, kada a bi kalanda.

A lura da kyau: okid ɗin da aka fi sayarwa a kantunan furanni na Legas da Abuja, Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye mai kauri, ba shi da rumbu, ba ya kuma hutun rani. In an hana shi ruwa wata biyar mutuwa zai yi.

Inda za a samu

'Ya'yan okid ƙanana ne kamar ƙura, kwanso ɗaya yakan ƙunshi dubbai, a wasu ire-iren har miliyoyi. Ba su da guzurin abinci irin na ƙwayar gero ko wake, ba su kuwa tsira a daji sai wata irin fumfuna ta cikin ƙasa ta shige su ta ciyar da su. Wani Bafaranshe, Noel Bernard, shi ya gano haka a 1899, kuma a 1922 Lewis Knudson a Amurka ya nuna yadda za a tsirar da su a kwalba da sukari da sinadarai. A gida dai shuka iri ba ta yiwuwa. A daji kuma, daga cikin dubban nan 'yan ƙalilan ne suke rayuwa, su ma sai bayan shekaru suke fure. Wanda ya haƙe wani gungu kakaf a gindin dutse ya share aikin shekaru masu yawa cikin sa'a guda.

An ga abin da wannan yake jawowa a wasu ƙasashe. A Zambiya ana yin wani abinci da ake kira chikanda da rumbun okid na ƙasa. Da na gida ya yi ƙaranci sai fatake suka koma kudancin Tanzaniya, har masu bincike suka ƙiyasta a 2003 cewa fiye da rumbu miliyan 2 suke ƙetare iyaka kowace shekara. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Tanzaniya ta mai da tudun Kitulo gandun ƙasa a 2005. A Arewa ba a cin okid haka, amma sharar sababbin gonaki, da fasa dutse, da ƙona gawayi, da gobarar daji ta ƙarshen rani suna rage wuraren zamansa. Bai kamata masu son fure su zama ƙarin masifa a kansa ba.

Haramun ne a cire tsiro a gandun daji na gwamnati irin su Yankari da Lame-Burra ba da izini ba. Dangin okid gaba ɗaya suna cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a 1973 ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Ba a ƙetare iyaka da okid na daji sai da takarda. Mai son shigo da tsiro daga waje tilas ne ya nemi izinin hukumar tarayya mai killace tsirrai da dabbobi tun kafin ya saya, domin tukunya ɗaya tana iya ɗauko cutar da za ta shiga gonaki.

Hanyar da ta fi kyau ita ce rabawa. Tsiron da ya sami reno yakan ƙara rumbu ɗaya ko biyu kowace shekara, cikin shekara uku ko huɗu ya cika tukunya. Da bazara, daidai lokacin da toho ya ɓullo kafin saiwa ta yi tsawo, a juye tukunyar, a kakkaɓe tsohuwar ƙasa, a cire matattun saiwoyi. A gasa wuƙa a wuta, a bari ta huce, a yanka tsakanin rumbuna yadda kowane kashi zai sami rumbu uku da toho aƙalla ɗaya. A shafa garin gawayi ko farar wuta a wurin yankan, a bar shi a inuwa kwana biyu ya bushe, sa'an nan a dasa a busasshen haɗi, a jira saiwa kamar yadda aka bayyana a baya. Ta haka tukunya ɗaya za ta wadaci maƙwabta da 'yan'uwa.

In kuwa an ga okid a filin da za a share don gona ko gini ko hanya, ceton sa ya halatta da yardar mai filin. A kafa alama a wurin da damina, a komo a haƙa bayan ganye ya zube, a ɗauko shi tare da ƙasar gindinsa. Mai sayen tsiro a wurin masu sayar da furanni na bakin titi ya tambayi inda aka samo shi, in rumbunan suna da sabon saran fartanya a jikinsu ya bar musu kayansu. Wanda ya sami tsiron da bai gane ba, ko yake neman ƙarin bayani, sai ya ɗauki hoton furen da na ganyen ya kai wa malamin gandun daji ko malamin gona na ƙaramar hukumarsa, ko sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi.